KUNNE YA GIRMI KAKA: Awon ƙarar garuruwan Damargu da wayar salula

Duk wanda ya kwana a Tanut daren kasuwa ya san ba ya bukatar agogo. Tun da jijjifi zakara zai yi cara, sa'an nan ladan ya kira salla. Bayan wannan sai a ji kukan jakuna, da gurnanin raƙuma, da ƙarar amalanke ɗauke da damman hatsi. Rana na ɗagawa sai injinan niƙa su tashi, ƴan kabu-kabu su cika hanya, manyan motoci masu zuwa Agadas su dinga danna oda, mai tallar magani kuma ya kunna lasifikarsa. Daga nan har faɗuwar rana, wanda yake son ya yi ciniki sai ya ɗaga murya.

In ka tambayi mutanen kasuwa ko wannan hayaniya tana damunsu, akasarinsu za su ce maka sun saba. To, gaskiyar magana ita ce, zuciya tana sabawa da ƙara, amma kunne ba ya sabawa. Abin da muke kira sabo, sau da yawa mafarin kurumta ne. Ƙara kuwa abu ce da ake iya aunawa kamar yadda ake auna hatsi da tiya, kuma a yau ma'aunin yana cikin aljihun mutane da yawa, wato wayar salula ta zamani wadda ake shafa fuskarta.

DAMARGU JIYA DA YAU

Ƙasar Damargu tana arewacin jihar Damagaram, tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo. A yau gundumomi biyu ne suka raba ta: Tanut, da kuma Belbeji wadda aka cire daga Tanut aka mai da ita gunduma a shekarar 2011. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami fiye da mutum dubu 400 a gundumar Tanut, da kusan dubu 100 a ta Belbeji. Hausawa, da Dagirawa, da Abzinawa, da Fulani, da Larabawa duk suna cin kasuwa ɗaya, suna shan rijiya ɗaya.

Tun zamanin kakanni an san Damargu da gero, ita ce rumbun da mutanen Abzin ke dogara da shi. Ayarin raƙuma na saukowa da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi, waɗansu kuma su zarce Damagaram da Kano. Da irin wannan ayarin gishiri ne Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya shigo Damargu a watan Janairu na 1851. Abin da kunnen matafiyi zai ji a zango a wancan zamani, duk daga bakin mutum ne, ko bakin dabba, ko hannun mai aiki: luguden taɓarya a turmi, kiran makiyayi a bakin rijiya, maƙeri yana dukan ƙarfe, kalangun mahauta, da mai shela yana zagaya gari.

Yau abin ya sake. Hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta haɗa Damagaram da Agadas, ta ratsa Tanut, kusan kilomita 150 arewa da birnin Damagaram. Tun watan Nuwamba na 2011 matatar mai ta SORAZ take aiki a yankin Bakin Birji, cikin ƙaramar hukumar Olelewa, an gina ta don tace ganga dubu 20 a kowace rana, motocin dakon mai kuma suna kai da kawowa. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata daka. Babur ya rage wa jaki tafiya. Injin ba da wuta ya haskaka shago da wurin cajin waya. Babu mai hankalin da zai ce a koma baya, gama waɗannan abubuwa ci gaba ne. Amma kowane ɗayansu ya zo da ƙararsa, kuma ya kamata a san nauyinta.

MASU SAURARON GARI

Akwai masana da suka mai da sauraron gari fannin ilimi. Jagoransu wani masanin kiɗa ne ɗan ƙasar Kanada, Murray Schafer, wanda ya rasu a 2021. A ƙarshen shekarun 1960 ya kafa ƙungiyar bincike a jami'ar Simon Fraser, suka dinga yawo da rakoda suna ɗaukar sautin birnin Bankuba. A 1975 suka tafi Turai suka saurari ƙauyuka biyar, a Suwidin, da Jamus, da Italiya, da Faransa, da Sukotlan. A 1977 ya fitar da littafin da ya bayyana ra'ayinsa: kowane gari yana da muryarsa, kamar yadda yake da kamanninsa.

Schafer ya kasa sautin gari kashi uku. Na farko shi ne sautin shimfiɗa, wanda kullum yana nan har mutane ba su lura da shi, kamar iskar hunturu a Damargu, ko gunjin motoci a bakin kwalta. Na biyu shi ne sautin kira, wanda aka yi shi don a ji a amsa, kamar odar mota, ko gangar mai shela. Na uku shi ne sautin shaida, wanda da jin sa ka san inda kake, kamar yadda ake gane raƙumi da shaidar da mai shi ya yi masa a wuya.

Amfanin wannan rabo shi ne mu gane ba kowane sauti mai ƙarfi ne abin ƙi ba. Kiran salla, da guɗar biki, da kirarin ƴan kokawa sautuka ne da jama'a ke so. Abin da ake yaƙi da shi shi ne ƙarar da ba ta da saƙo, wadda take danne sauran, take hana barci, take cin kunne.

MENE NE DESIBEL?

Ma'aunin ƙara sunansa desibel, ana taƙaita shi da haruffa biyu, dB. An samo sunan daga Alexander Graham Bell, wanda ya yi suna wajen ƙago tarho. A fuskar waya za ku ga wani lokaci an rubuta dBA. Wannan harafi na uku yana nufin an daidaita awon da yadda kunnen ɗan Adam yake ji.

Raɗa a kunne kamar desibel 30 ce. Hira tsakanin mutum biyu kamar 60. Babbar hanya mai cunkoson motoci tana kai 80 zuwa 85. Babur a kusa yana kai 95. Daga 120 zuwa sama kunne ya fara zafi ke nan.

Amma a lura, lissafin desibel ba irin lissafin tiya ba ne. In ka zuba tiya 90 a kan tiya 90 ka sami 180. In ka kunna inji mai desibel 90 kusa da wani mai desibel 90, abin da za ka samu 93 ne. Wato duk ƙarin desibel 3, ƙarfin ƙarar ya ninka biyu. Ƙarin desibel 10 kuwa ninki goma ne, ko da yake kunne yana jin sa kamar ninki biyu kawai. Saboda haka kada wani ya ce tsakanin 85 da 95 ai goma ce kacal. Wannan goma ita ce tsakanin aikin yini guda lafiya da ɓarnar da ba ta kai awa ɗaya ba ta fara.

Abu na biyu da ya kamata kowane ma'aikacin hukuma ya riƙe shi ne nisa. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka daga inji, ƙarar tana raguwa da wajen desibel 6. Injin da ya ba da 100 a mita 1 zai ba da 94 a mita 2, da 88 a mita 4, da 82 a mita 8, da 76 a mita 16, da 70 a mita 32. Wannan ɗan lissafi ya isa ya nuna wa mai raba filaye inda ya dace a kafa inji da inda bai dace ba.

ABIN DA ƘARA KE YI WA JIKI

Bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani ɗan abu mai kama da katantanwa. A cikinsa akwai waɗansu ƴan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen dubu 15 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero. In abin na ɗan lokaci ne, sai su miƙe. In ya zama na kullum, sai su mutu, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu saiwa da ke mai da shi.

Wannan ciwo ba ya zuwa da jini ko zazzaɓi, shi ya sa ake raina shi. Alamarsa ta farko ita ce mutum ya tashi daga aiki ya ji kunnensa yana kuka, ko ya ji kamar an toshe shi da auduga. Daga baya sai ya dinga jin magana amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman cikin taro. Sai a fara cewa ya cika "na'am?", ko a ce ya yi girman kai ba ya amsa sallama.

Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka kamar haka: desibel 85, awa 8 a yini, 88, awa 4, 91, awa 2, 94, awa 1, 100 kuwa minti 15 kawai. To, mu dubi yaron da ke tsaye a kan injin niƙa. Wani bincike da likitoci suka buga a 2007 a kan masu niƙa a wata babbar kasuwa ta Ibadan, a Najeriya, ya sami ƙananan injina suna ba da wajen desibel 90, manya kuma sun wuce 100, sa'an nan fiye da rabin masu niƙan da aka gwada jinsu ya ragu. Inji kuwa ba ya sake hali don ya ƙetare iyakar ƙasa. Yaron da ya kamata ya yi minti 15, sai ya yi tun daga hantsi har magariba, kwana bakwai a mako. Kusa da shi ga mata a layi da ƙwarya, da jarirai goye a baya.

Ɓarnar ba a kunne kaɗai ta tsaya ba. Ƙarar dare tana hana barci mai nauyi, rashin barci kuma yana taimaka wa hawan jini da ciwon zuciya. Ƙarar rana tana hana ɗan makaranta jin malami. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara kada ƙarar da ke shiga aji ta wuce desibel 35, ta ɗakin kwana da dare kuma kada ta wuce 30. A 2021 hukumar ta bayyana cewa mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji wanda ke bukatar taimako. A 2024 reshenta na Afirka ya ce mutum miliyan 40 ne ke fama da raunin ji a yankin, kuma in ba a tashi tsaye ba za su iya kai miliyan 54 a 2030. Ba duka ƙara ce ta jawo ba: akwai sanƙarau, da ƙyanda, da ciwon kunne mai ruwa, da tsufa. Amma kason da ƙara ke jawowa, shi ne wanda ya fi sauƙin rigakafi.

WAYAR SALULA TA ZAMA MA'AUNI

A da, awon ƙara sai da na'ura ta musamman mai tsada, sai kuma injiniya ya taso daga babban birni. Amma kowace wayar zamani tana da abubuwa uku da aikin ke bukata: ɗan kunnen da ke ɗaukar murya, da ƙwaƙwalwar lissafi, da na'urar da ke nuna wurin da mutum yake tsaye ta hanyar tauraron ɗan Adam. Abin da ya rage shi ne manhaja, wato tsarin aikin da ake saukarwa a waya.

A 2008 masu bincike a Faransa da Beljiyam suka fara gwada haka da wata manhaja mai suna NoiseTube. Bayanta masana na cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, tare da cibiyar da yanzu take cikin jami'ar Gustave Eiffel, suka fitar da NoiseCapture, kyauta, domin wayoyin Android. Mutum zai kunna ta ya yi tafiya, ita kuma tana auna ƙara kowace daƙiƙa tana rubuta wurin. Ba ta ajiye maganar mutane, lissafin kawai take ajiyewa. In mai wayar ya yarda, sai ya aika da awonsa ta intanet, a haɗa da na sauran jama'a, a zana taswira mai launi wadda ke nuna inda ya yi shiru da inda ƙara ta yi yawa. Daga 2017 zuwa 2020 an tara awo kusan miliyan 60 daga ƙasashe daban-daban. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, ga shi yau ana ganin ƙara da ido.

A Afirka ta Yamma, babban aikin da za mu yi koyi da shi an yi shi ne a Ankara, babban birnin ƙasar Gana, inda Hausawa da yawa ke zaune a unguwannin zango. Daga Afrilu 2019 zuwa Yuni 2020, masana na jami'ar Gana da abokan aikinsu na Ingila suka kafa na'urorin awo da na ɗaukar sauti a wurare 146. Suka tarar kusan dukan mazauna cikin birnin suna zaune cikin ƙarar da ta wuce shawarar OMS, ƙarar motoci ce ta fi yawa, kuma unguwannin talakawa sun fi shan wahalarta. Wannan aiki da na'urori na musamman aka yi shi, da kuɗi mai yawa. Garin da ba shi da wannan hali, waya za ta iya buɗe masa hanya.

Kada wani ya ce wannan ya fi ƙarfin mutumin karkara. A 2009 da 2010 an yi wani shiri na yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar CRS da wata malamar jami'a, Jenny Aker. A wajen rabin ƙauyukan an haɗa wa ɗalibai karatu da koyon aiki da ƙaramar salula. Da aka yi jarrabawa, sai waɗanda suka koyi waya suka fi sauran maki a rubutu da lissafi. Wanda ya iya karanta lamba, ya iya rubuta kwanan wata a littafi, ya isa ya auna ƙara.

YADDA AKE AWO

Awo ba shi da amfani sai an yi shi bisa ƙa'ida ɗaya. Ga abin da ya kamata a kiyaye.

Da fari, a cire wa waya riga, a duba inda ɗan ramin ɗaukar murya yake, kada yatsa ya toshe shi. A miƙa hannu, a riƙe ta daidai tsayin kunne, wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a ɗan nisanci bango. Mai awo ya yi shiru, na kusa da shi ma su yi shiru.

Na biyu, kada a yi awon daƙiƙa biyar a ce an gama. Ƙara tana hawa tana sauka. A tsaya minti biyar a wuri ɗaya, a rubuta matsakaicin da manhaja ta bayar, a rubuta kuma lamba mafi girma.

Na uku, a maimaita: da safe, da azahar, da yamma, da dare, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da rani da damina. A riƙe wurare iri ɗaya kullum, kamar tashar mota, da layin masu niƙa, da kasuwar dabbobi, da ƙofar makaranta, da ƙofar gidan likita, da wata unguwa mai nisa da kwalta domin kwatanci.

Na huɗu, a ajiye littafi. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, da ƙarfe nawa, da wurin, da irin wayar, da lambar da aka samu, da abin da kunne ya ji: inji ne, ko babur, ko lasifika, ko tsuntsaye. A ƙara da ra'ayin mutanen wurin, ko sautin yana damunsu ko suna son sa. Waya tana ba da lamba, amma ba ta san bambancin guɗa da kururuwa ba.

Na biyar, a nemi izini. A sanar da mai gari da sarkin kasuwa, a bayyana wa mai inji cewa ba haraji aka zo ɗora masa ba, ba kuma maganarsa ake ɗauka ba.

IYAKAR WAYA

Wajibi ne mu faɗi gaskiya: waya ba ta kai na'urar injiniya ba. An yi kunnenta ne don muryar mutum, saboda haka wayoyi da yawa in ƙara ta yi tsanani sai su ba da lambar da ba ta kai gaskiya ba. Wayoyi biyu a wuri ɗaya suna iya saɓawa da desibel da yawa. A 2014 masanan NIOSH suka duba manhajoji 192, suka zaɓi kaɗan suka gwada a ɗakin gwaji, huɗu ne kawai suka zo kusa da gaskiya da tazarar desibel 2. Wannan ne ya sa hukumar ta fitar da tata manhajar a 2017, amma domin wayoyin iPhone kaɗai.

A Damargu akwai wata matsala kuma, ita ce iska. In iskar hunturu ta bugi kunnen waya, sai lamba ta hau alhali babu wata ƙara. Maganinta a juya wa iska baya, ko a sa ɗan soso a bakin ramin, ko a bari sai ta lafa.

Babban magani shi ne daidaitawa. Kamar yadda sarkin awo ke gwada tiyoyin kasuwa da tiya ɗaya amintacciya, haka ake ajiye waya kusa da na'ura ta ainihi a ga tazarar da ke tsakani, a gyara. Na'ura ɗaya tak a ofishin kula da muhalli na gunduma ta isa ta daidaita wayoyi masu yawa. Wannan aiki ne da malamai da ɗaliban jami'ar André Salifou ta Damagaram za su iya ba da hannu a kai. In babu na'urar, a yi dukan awon da waya ɗaya: ko lambar ba ta cika daidai ba, za ta nuna wane wuri ya fi wane. Awon waya ba hujjar kai mutum gaban alƙali ba ne, ɗan jagora ne mai nuna inda ya kamata a duba.

Wanda ba shi da waya ma yana da ma'auni. In kana tsaye da mutum, tsakaninku tsawon hannu ɗaya, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai wajen desibel 85, lokacin kiyaye kunne ya yi.

BAYAN AWO, SAI ME?

Ƙasarmu ba ta rasa doka ba. Babbar dokar kula da muhalli mai lamba 98-56, ta ran 29 ga Disamba 1998, ta hana fitar da ƙara mai cutar da lafiyar mutum ko mai damun maƙwabta fiye da kima. Maƙwabciyarmu Najeriya ma ta kafa ƙa'idojin ƙara a 2009. Amma kalmar "fiye da kima" tana bukatar lamba. In babu lamba, mai ƙorafi zai ce ta yi yawa, mai inji ya ce ba ta yi ba, a tashi baram-baram. In akwai lamba, sai a zauna a yi shawara.

Yawancin gyaran ba ya cin kuɗi mai yawa. Mai injin niƙa ya ɗaure kusoshin da suka saki, ya zuba mai a kan lokaci, ya shimfiɗa tsohuwar taya a ƙarƙashin inji, ya gyara salansa, ya fitar da bututun hayaƙi bayan ɗaki. Katangar laka mai kauri tana tare ƙara fiye da kwano, gama kwano amsa kuwwa yake yi. A yi wa masu jira rumfa a waje, nesa da inji, kada mace mai goyo ta shiga ciki. Yaran inji su dinga karɓa-karɓa, a saya masu abin toshe kunne na roba ko na soso irin na ma'aikata. Auduga ba ta tare abin kirki.

Ɗan kabu-kabu da ya fasa salansarsa don a ji zuwansa, kunnensa ne na farkon biya. Shugabannin ƴan kabu-kabu da na direbobi suna iya hana wannan a tsakaninsu, su hana danna oda a ƙofar makaranta da gidan likita. Mai biki ya ɗaga lasifika sama, ya juya ta daga gidajen mutane, ya kau da yara daga bakinta, ya rage ta in dare ya yi. A 2022 OMS ta ce ko a wurin wasa kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100 cikin kowane minti 15. Samari masu cusa abin sauraro a kunne kuma, shawarar hukumar ita ce kada su wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin wayar.

Ga hukumomin gari, babban makami shi ne rabon fili. Kafin a ba da izinin kafa inji, ko garejin walda, ko tasha, a auna nisansa da aji da ɗakin marasa lafiya. Garuruwa irin su Belbeji, da Gangara, da Bakin Birji suna girma, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya fi sauƙi a nuna wa mutum wuri tun bai kafa tubali ba, da a ce ya tashi bayan shekara goma.

Sarakunan gargajiya su ma suna da abin yi. A Ankara, sarakunan ƙabilar Ga suna hana kiɗa da hayaniya har wata guda kowace shekara kafin bikinsu na Homowo. Ba muna cewa a kwaikwayi al'adar wasu ba ne, amma abin ya nuna cewa maganar sarki tana iya sa gari ya yi shiru. A wurinmu, haƙƙin maƙwabci abu ne da kowa ya tashi da saninsa. Mai gari da liman in suka tuna wa jama'a cewa barcin maƙwabci da kunnen yaro suna cikin wannan haƙƙi, za a ji.

SAUTIN DA YA KAMATA A ADANA

Wayar da ke auna ƙara, ita ce kuma ke ɗaukar sauti. Akwai muryoyin Damargu da ke ja da baya a gaban inji: luguden ƴan mata a turmi, gangar noma a gonar gayya, sarewar Bafillace a bayan garke, tenden matan Abzinawa, kukan icen da igiyar guga ke gudu a kai a rijiya mai zurfi. Malamin makaranta da ɗalibansa, ko ajin yaƙi da jahilci, suna iya ɗaukar waɗannan da yardar masu su, su rubuta rana da wuri da sunan abin, su kai wa gidan rediyon karkara ya ajiye. Kunne ya girmi kaka, in ji Hausawa, domin yana jin labarin abin da ya faru tun ba a haifi kaka ba. Jikokinmu suna da haƙƙin su ji yadda ƙasarsu take a zamaninmu, kuma ba za su ji ba sai mun bar masu sautin, mun bar masu kunnen ji.

To, jama'a, aikin ba ya jiran kuɗin waje. Waya ɗaya, da littafi ɗaya, da mutum uku masu himma sun isa a fara a kowane gari. Ranar kasuwa mai zuwa a fara da layin masu niƙa, a auna, a rubuta, a nuna wa mai inji lambar, a nuna wa yaronsa, sa'an nan a kai littafin gaban hukumar gari. Rigakafi ya fi magani, balle ciwon da ba shi da magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.